Wa Ya Yaye Ki?

Lucia na tsugune tana hura kafiretar wani ƙaramin janareta, sai kawai ta ga teburinta ya tashi sama. Ƙarti biyu ne suka ɗaga shi, fulogogi da notuna suka watse cikin kwata. Na ukunsu, wani dogo mai jar riga da ake kira Ikechukwu, ya rufe akwatin kayan aikinta ya saɓa a kafaɗa.

"Kai! Ajiye mini akwati!"

"Who be your oga?" in ji Ikechukwu. Da ya ga tana huci, sai ya juya harshe. "Na ce wa ya yaye ki?"

"Ina da satifiket!"

"Takarda ba ta yaye mutum. Ki zo ofishin ƙungiyar makanikai da ogan da ya yi miki firidom, wato ya yaye ki, ki karɓi kayanki. Ba oga, ba aiki a nan unguwar PZ."

Mai janaretan, wani mai shagon aski, ya tattara sassan injinsa cikin buhu ya wuce, ko kallonta bai yi ba. 'Yan acaba da ke fake a gindin bishiya suka yi ta shewa, wani har yana cewa, "Injiniya, yau an ɗauke wuta ke nan!"

Ko wata ba ta yi da kafa teburin ba. Kafin nan dafaffiyar masara take talla a Kwangila, tun da rikicin Kaduna ya ci mahaifinta ya koro su Zariya. Sai aka buɗe wata cibiya a Samaru, ana ɗaukar waɗanda makaranta ta gagara, a koya musu gyaran janareta cikin watanni, a sallame su da akwatin kayan aiki. Aiki kuwa ga shi nan jibge. NEPA ta yi nisa, kowane shago da janaretansa, yaran makanikai duk sun gudu sun hau acaba. Daga akwatin nan ake ɗora tukunya a gidansu, ba su da wani abu bayansa.

Ta faɗa bas ɗin Samaru hannunta duk baƙin mai. Kwandasta ya soma yi mata tsiyar kada ta shafa wa kujera, ta yi masa kallo ɗaya, ya koma kiran fasinja.

A cibiyar ta tarar da shugabar wurin, Madam Winifred, tana jera sababbin ɗalibai a gaban allon suna, kowa sanye da sabuwar rigar aiki, mai hoto na gyara tsayuwa.

"A'a, ga Lucia! Yara, ku tafa mata, irin ku ce bara!"

Suka tafa. Lucia ta ratsa su har gaban Madam.

"Sun kwashe mini kaya, Madam. Sun ce sai wanda oga ya yaye."

Murmushin Madam ya tsaya cak. Ta jawo ta gefe. "'Yan ƙungiyar bakin titi? Ki nuna musu satifiket mana, har da hatimi a jiki."

"Na nuna. Kin san da wannan dokar tasu?"

"Mun rubuta musu tun farko..."

"Ashe kin sani."

"Rage murya, yara na ji."

"Su ji mana! Su ji tun yanzu, kafin su je a watsa musu kaya cikin kwata!"

"Lucia, aikinmu horarwa ne, kuma mun horar da ke. Gobe baƙi za su zo daga Abuja. Ki bari su tafi, sai mu zauna."

"Me za mu ci kafin ku zauna? Hatimin?"

Madam ta juya ga mai hoto. Lucia ta tambayi maigadi ina Oga Bernard, malamin da ya koya musu aikin, ya ce yau ba shi da aji, yana gida.

A Muchia ta same shi, zaune a ƙofar gida yana ɗaure bel ɗin injin markaɗen matarsa. Ya saurare ta har ƙarshe, sifana na hannunsa bai motsa ba.

"Tashi mu je, Oga. Ka gaya musu kai ka koya mini."

"Maganata ba ta da nauyi a can, 'yata. Tun ranar da na fara zuwa Samaru suka dakatar da ni, suka kulle mini rumfa. Wai na ɗauki sana'ar da mutane suka sha wuya a kanta ina raba ta kamar ƙosan sadaka."

Lucia ta ja da baya. "Kai ma? Wata da watanni muna gabanka, kana cewa ku dage, ku dage, ashe ka san babu inda za mu je da shi?"

"Na ɗauka za su huce."

"Ka ɗauka!"

Matarsa ta leƙo ta taga. Bernard ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa, sannan ya ce a miƙo masa hularsa.

La'asar ta yi lokacin da suka isa ofishin ƙungiyar, wani ɗaki a bayan shagon ciyaman, Baba Oladipo. Sai da suka bi ta tsakanin janaretoci masu jiran gyara, an tula su har sun kusa taɓo rufi. Dattawa na zaune a benci. Ikechukwu na bakin ƙofa, ya ɗora ƙafa a kan akwatinta.

"Ah, Farfesa Bernard!" in ji Baba Oladipo. "Daga jami'a? Ku ba Farfesa kujera."

Aka yi dariya, ba wanda ya tashi.

"Baba, yarinyar nan ta iya aiki. Ni na koya mata."

"Ban ce ba ta iya ba." Tsohon ya dubi Lucia. "Ke, saurara. Ni na yi wa ogana bauta har gemu ya fito mini. Na wanke masa kaya, na yi wa matarsa cefane. Yau in yarona ya ƙone injin mutum, ni za a kama, ni zan biya. In ke kika ƙone, wa za mu kama? Madam mai takalmi ƙwas-ƙwas?"

Maganar ta ƙara tunzura Lucia.

"Hanya biyu ce," tsohon ya ci gaba. "Ko ki shigo shagona ki fara daga shara, kamar kowa, in lokaci ya yi in yaye ki..."

"Daga shara?" Ta nuna tulin da ke waje. "Ko dai daga waɗancan? Yaranka sun gudu, kana neman hannun banza!"

"Ke! Da wa kike magana?" Ikechukwu ya daka mata tsawa.

Baba Oladipo ya kwashe da dariya har da tari. "Bar ta. Bakinta ma na makanikai ne. Hanya ta biyu kuma, Bernard ya bar cibiyar Samaru yau, ya dawo cikin 'yan'uwansa. Ya yaye ta a gabanmu, ya ɗauki nauyinta. Amma in ya sake taka cibiyar nan, da shi da ita, duka waje."

Kowa a ɗakin ya san sai da cibiyar ta karaɗe Zariya kafin ta sami makaniki ɗaya da ya yarda ya koyar. In Bernard ya fita, ba wani.

"Na bari," in ji Bernard.

Lucia ta tuna yaran da suka tafa mata ɗazu, da sababbin rigunansu. Ta buɗe baki. Idonta ya sauka kan akwatin da ke ƙarƙashin takalmin Ikechukwu, ta rufe bakin.

"Durƙusa," aka ce mata.

Ta durƙusa a kan simintin da mai ya jiƙa. Aka aika aka sayo lemo da goro. Bernard ya zuba mata ruwa a tafin hannu, ya ɗora mata sifana, ya dafa kanta ya yi addu'a cikin sunan Yesu, kada injin kowa ya mutu a hannunta. Musulmi da Kirista na ɗakin duk suka ce amin. Ita kuwa haƙoranta a datse, hawaye na zuba, dattawan suna ta cewa ai kowa ya yi kukan daɗi ranar firidom ɗinsa.

"To, Baba," in ji Bernard, "sai a ba ni makullin rumfata."

"Wace rumfa? Ai tuni aka ba wani. Ka tafi jami'a, sai mu bar wuri yana tara ɓeraye?"

Suka fito titi, akwatin a kanta, janaretocin PZ sun fara ruri ta ko'ina. Suka taka har inda aka yasar da teburinta a kife. Bernard ya taimaka mata suka tayar da shi. Ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa.

"Lucia... nan gefenki, akwai ɗan wuri?"

Ta dube shi, sannan ta tura teburin da ƙafa, ya matsa kaɗan.

"Ka zo da bencinka, Oga. Ni ɗaya gare ni."