Kujerar Liatu

Kwana arba'in ke nan da 'yan bindiga suka tare motar Dakta Muktar a arewacin Borno, suka kashe shi tare da sojan da ke rakiyarsa. A can aka binne su. Ƙanwarsa Mas'uda ta kafe sai ta ga kabarin da idonta. Ta ƙi ci ta ƙi sha, har mahaifinsu, tsohon babban sakatare, ya gaji ya ɗaga waya. A Bauchi kuwa maganar Alhaji ba ta faɗuwa ƙasa banza. Aka ce ayarin sojoji zai tashi da hantsi, motar farar hula ɗaya ce kuma ta cika, amma za a san yadda za a yi.

Mas'uda ba ta tambayi yadda aka yi ba. 'Yar gata ina ruwanta da tambaya?

Ta iso ƙofar bariki da kular masa ta sadakar arba'in. Tana rabawa tana tuna cewa an gaya mata in aka wuce Maiduguri babu tsayawa, ko da taya ta fashe. A gindin dalbejiya ta hangi wata mata cikin baƙaƙen kaya, rungume da ƙunshin leda. Ta ɗauka mai neman taimako ce.

"Baiwar Allah, ga sadaka. Ki sa yayana a addu'a."

Matar ba ta miƙo hannu ba.

"Sunana Liatu. Maigidana Kofur Irmiya, shi ya raka yayanki. Sati uku ina sintiri kafin suka rubuta sunana. Yau da safe suka ce an cire, wai wani babba ya kira."

Kunya ta lulluɓe Mas'uda har ta rasa inda za ta sa masar. Wani soja ya daka tsawa: "Hajiya, shiga mota! Ba ma jira!"

Kalma ɗaya za ta faɗa a mayar wa matar nan kujerarta, ta kuma sani sarai. Amma ayari na gaba sai bayan damina, ita kuwa tana son ganin Muktar. Ta juya wajen motar.

Liatu ta dube ta, ta gane. Ta tura mata ƙunshin.

"Gicciye ne, yaranmu suka sassaƙa. An ce kabarinsa na kusa da na yayanki. Ki kafa masa."

Mas'uda ta karɓa ta shiga. Ayari ya tashi, itacen yana tokare da ƙirjinta, ta kasa waiwayen dalbejiyar.