Minti Huɗu Tsakanin Katanga da Tankin Ruwa

Shekara talatin ina yi wa maigidana mita a kan rediyon nan. Mutum da hankalinsa, ya bar abinci yana hucewa, ya fita tsakar gida da eriyar da ya haɗa da guntayen tef ɗin awo, yana nuna sama. Wai tauraron ɗan'adam ne zai gifta, ya ɗauki muryarsa ya kai wa masu irin cutarsa a wasu ƙasashe. Ka faɗi lambar kiranka, wani ya maimaita, shi ke nan fa hirar.

Yau ga ni, ni ce riƙe da eriyar.

Wata biyar ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye. Hannun dama ya daina aiki, harshe ya yi nauyi, kalma ɗai-ɗai yake jawowa da ƙyar. Ran nan babban ɗanmu ya shigo da kwali zai kwashe kayan rediyon.

"Mama, ba mai gane maganar Baba yanzu. Dariya za su yi masa, ya ƙara karaya."

"Ajiye kwalin nan. Ƙarfe huɗu da minti goma tauraron zai wuce. In ba wanda ya amsa masa, ni da kaina zan tattara maka."

Bakina ne kawai ya faɗa.

Muka turo shi tsakar gida a kekensa na marasa lafiya, na damƙa masa oba-obar a hannun hagu. Minti huɗu kacal gare mu, daga ɓullowar tauraron ta saman katangar maƙwabci zuwa faɗawarsa bayan tankin ruwa. Ido ba ya ganinsa, sai na bi kibiyar da ke motsi a fuskar wayar maigida.

Rediyo ya yi shuu, sai muryoyi suka ɓarke, kowa na rige-rigen jefa lambarsa. Maigida ya danna maɓallin magana, ya soma faɗin tasa. Bai kai rabi ba wani mai ƙarfin na'ura ya take shi. Ya sake dannawa, aka sake take shi. Miyau ya gangaro masa a haɓa, na ƙi gogewa don kada in saki saitin.

"Mama, ki karɓa ki faɗa masa mana," in ji ɗan namu.

"Ni ke da lasisin? Lambarsa ce, bakinsa zai faɗe ta. Matsa can, ka tare min sama."

A karo na uku ya ja ta har ƙarshe, harafi bayan harafi, jijiyar wuyansa a miƙe. Tashar ta yi tsit. Can sai muryar wata mata daga nesa ta maimaita lambar daidai, ta tsaya tana jiran ya tabbatar.

Kafaɗata ta gaji, hannuna ya sauko ban sani ba. Muryar ta soma dusashewa.

"Ɗaga hannun mana, za ki yasar min da ita!"

Maigida ne. Wata biyar ina roƙon Allah ya ba shi magana cikakkiya, ta farko kuma faɗa ya yi min da ita. Daɗi ya kama ni har idona ya cika. Na ɗaga eriyar sai da kafaɗata ta yi ƙara, na ce masa ya bar ni da nawa aikin, ya amsa wa baiwar Allah tun ba ta faɗa bayan tanki ba.