Wayar da Aka Bari a Wurin Nea Sandu

"Wannan ai faranti ne, ba waya ba," in ji Nea Sandu, ya miƙa wa Ilinca babbar. "Ba ni ƙaramar."

Ilinca ta ba shi. Aikinta zana fuskar manhajojin waya ne, kuma a ɗakinta take yi, ƙofa da ƙofa da tsohon, a wani tsohon bene na birnin Cluj. Wannan karon manhajar wani asibiti take zanawa, ta tsofaffi. A kwamfuta komai ya yi kyau, amma sai an gani a tafin hannu ake sanin gaskiya. Ofis ya aro mata wayoyi biyu ta zaɓi wadda za ta riƙa duba zanenta a kai. Babbar tana fito da launi tas, ƙaramar kuwa irin wadda tsofaffin ke riƙewa ce. Ta rasa wadda za ta ɗauka, shi ya sa ta ƙwanƙwasa masa.

Nea Sandu tsohon direban bas ne, shi kaɗai yake zaune tun rasuwar matarsa. Ya sa tabarau, ya ƙura wa ƙaramar ido.

"Wannan jan abin fa?"

"An rubuta 'Kira likita'. Amma hoto ne kawai, Nea Sandu, ba ya kiran kowa. Gwaji ne."

"Likitan da ba ya zuwa. To ai kin zana shi daidai." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Bar min ita zuwa gobe, 'yata, in ga ko yatsana zai saba."

"Ka dai ji ko? Ba ya kira."

"Na ji, na ji. Kurma kika mai da ni?"

Washegari da hantsi ta jiyo hayaniya a bakin ƙofa. Tanti Aurica ce ta hawan ƙasa, mai ajiye wa Nea Sandu mabuɗi, tsaye da kwanon miyar da ta kawo masa, ta rasa inda za ta ajiye.

"Ya tafi, Ilinca. A kan kujera na same shi, da takalminsa a ƙafa. Ko kyandir ɗin da ake kunna wa mai barin duniya babu wanda ya kunna masa."

Likitan da ya zo ya ce zuciya ce, kuma ga alama abin bai daɗe ba. Aka rufe madubi da ƙyalle kamar yadda ake yi a gidan mutuwa, aka buga wa 'yarsa waya a Italiya. Ilinca tana ta ɗauko kujeru daga ɗakinta. Can ta hango ƙaramar wayar a kan firji. Da ta taɓa, sai ga zanenta, jan madannin a tsakiya.

Ta ja Tanti Aurica zuwa kicin.

"Tanti, a ina kika sami wannan?"

"A kan tebur. A'a, tsaya, kamar a cinyarsa take. Ni ce na ɗauke."

"A hannunsa take ko a cinyarsa?"

"Yarinya, gawa na tarar, kina tambayata waya? Tasa ce?"

"Tawa ce. Tasa tana ina?"

"Cikin aljihun kwat, can bayan ƙofa. Kullum can yake mantawa da ita."

Ilinca ta tsaya. Ta faɗa masa jan abin ba ya kira, har sau biyu. Ya ce ya ji. To amma wanda ƙirjinsa ya riƙe, ya ga rubutu ja a gabansa, me zai tuna? Ko kuwa wasa yake da ita kawai, abin ya zo masa? Takalmin fa, fita zai yi sayo burodi, ko ƙofarta ya so ya ƙwanƙwasa? Ta bubbuɗe manhajar ko za ta nuna abin da aka danna, alhali ta san ba ta ajiye komai. Ita ta zana ta.

Saƙo ya shigo daga ofis, ana tambayar wacce ta zaɓa. 

Ta fita ta zauna a matakalar bene. Fuskar wayar ta mutu. A hasken taga sai ta ga shatin yatsu a kan gilashin, manya da ƙanana, sun hau juna, a tsakiya da gefe-gefe. Ta jawo hannun rigarta za ta goge, sai ta fasa. Daga ciki ƙamshin kyandir ya fara fitowa.