Ɗanɗanon Wakili

Duk garin Hawata babu zakaran da aka sangarta kamar na Goggo Atine. Wakili take kiransa, wai don yana zagaya gida da ƙirji a gaba kamar wakilin mai gona, shi ba aiki ba, sai duba aikin wasu. Tun yana ɗan tsako shaho ya ɗauke uwarsa, ta raine shi a cikin ƙwarya. Da ya girma ya ƙi cin komai a ƙasa, sai a tafin hannunta. Kowace sabuwar dawa ta shigo gidan, shi ke fara ɗanɗanawa kafin a kai niƙa. Maƙwabta sun yi dariya har sun gaji.

Daminar nan ta zo da yunwa. Rumbu ya ƙare tun kafin shuka, baƙar ƙasa ta jiƙe ta riƙe hanya, ko tarakta sai ta kwana a laka, balle lori. Ana cikin haka ɗanta Mijinyawa ya dawo daga aikin shuka a manyan gonakin Simsim, da rabin buhun dawa a kafaɗa.

Goggo ta zura hannu ta shinshina. Dawar ta yi wani ja-ja, ga wari kamar na sabon fenti.

"Wannan ba iri ba ne, wanda ake cuɗawa da magani?"

"Ragowar iri ne, Goggo. Amma na wanke shi tas a rafi, na shanya. Kwayyis ne, lafiyarsa lau. Ko a kambo, masaukinmu na 'yan aikin gona, haka muke yi."

Hankalinta bai kwanta ba, amma ta dubi matarsa Ummuhani, ga ciki ya tsufa, kwana da kwanaki ba ta ci ta ƙoshi ba. Sai ta karɓi buhun ta ajiye.

Da safe ta ɗebo dawar ta kira Wakili. Ya zo da gudu, ya leƙa tafin, ya kau da kai. Ta sake miƙawa, ya ja baya. Ranta ya ɓaci.

"Yau kuma ni za ka yi wa yanga? Ci mana, ɗan nema."

Ta shafa masa wuya kamar yadda ta saba. Ya dube ta da ido ɗaya, ya sunkuya ya tsince tafin kaf.

Mijinyawa ya tafi noma a 'yar gonarsu ta bayan gari. Ummuhani ta kai niƙa, ta dawo ta tuƙa tuwo. Goggo na ɗaki tana jin ƙarar kankare tukunya, domin tun da cikin nan ya shiga, yarinyar ba ta barin ƙanzo ya kwana. Can ta ji ta ce, "Goggo, na tafi kai abinci."

Azahar ta yi, Wakili bai yi cara ba, shi da ba ya barin ladan ya riga shi. Shirun ya dami Goggo, ta fito nema. Ta same shi a bayan randa, fukafukai a sake, zankonsa ya koma baƙi-baƙi, wani ruwa mai yauƙi na zuba daga bakinsa. Ya yunƙura zai zo wurinta, ƙafafu suka ƙi.

Ta dubi buhun, ta dubi murhu, ta sungumi zakaran ta fita ko takalmi babu. Laka na riƙe ta, tana fizgewa, tana ƙwala kiran ɗanta tun ba ta hango gonar ba. Tana jin zuciyar Wakili na bugawa a ƙirjinta, tana raguwa.

Ta iske su a gindin aduwa. Mijinyawa ya wanke hannu, ya yanko loma. Ta buge hannun, ta sa ƙafa ta kifar da akushin.

"Guba ce! Dubi abin da dawarka ta yi!"

Ya dubi zakaran. Ya laluba aljihu ya zaro wuƙa, don ya yanka shi kada ya zama mushe.

"Mai da wuƙarka," in ji Goggo, hawaye na zuba. "Sau biyu yana ƙi, ni na matsa masa. Don hannuna ne ya ci."

Ta share ido da gefen mayafi. "Alhamdu lillahi dai, ba ka kai baki ba. Halas, shi ke nan, babu wanda ya ci."

Ummuhani na tsaye, ta dafe cikinta da hannu biyu.

"Goggo," ta ce a hankali, "ƙanzon fa?"

Mijinyawa ya juya ya dubi hanyar Gadarif, inda asibiti yake, laka ce shimfiɗe har iyakar gani. A hannun Goggo, wuyan Wakili ya langaɓe.