Wannan Karon Clovis Ya Riga Ni

A rediyon mota na ji rasuwar Clovis Tate, ina hanyar sayo abincin kare. Shekara talatin da huɗu ina zaune a hagunsa a kan dandamali, amma sai a bakin wani yaron gidan rediyo zan ji. Na gangara gefen titi na kashe mota, na daɗe a zaune.

Ni ne Orval Pickett, mai kaɗa masa jitar kwance, wadda ake goga wa guntun ƙarfe tana kuka kamar mace. Duk jihar Tennessee babu gidan da ba a san muryar Clovis ba, amma mu da muka yi masa kiɗa mun san ciwonsa: mutumin nan ba ya shiga waƙa a kan lokaci. In na buɗe da jita, na kawo inda ya kamata ya ɗauka, sai ya tsaya gyaran malafa. Dole in danne tsirkiya in ja sautin, in ta ja, har sai ya ga dama. Mutane suna cewa salo ne. Salon me! Yatsuna ne suka san salon.

A kan wannan muka rabu, shekara bakwai ke nan. Wata rana bayan wasa na ce, "Clovis, na gaji da jiranka. Kai ko agogo ba ka da shi ne?"

Ya yi dariya ya ce, "Haba tsoho, ai jiran nan shi ne aikinka."

Na naɗe kayana na tafi. Ya kira sau uku ban ɗauka ba. Da aka kwantar da shi asibiti na ce gobe zan je, jibi zan je. Ban je ba, kuma abin nan yana cina har yau.

Kwana biyu da jana'iza matarsa Nadine ta zo gidana da soyayyar kaza da burodin masara, ita da ya kamata a kai wa. Ta dubi tulin kwanukan da ban wanke ba.

"Ranar Lahadi za a yi masa taron tunawa a zauren garinsu," in ji ta. "Za a rataya malafarsa a makirfo, a kaɗa waƙarsa ta farko, babu mai rerawa. Kai za ka buɗe."

"Nadine, akwai samari masu hannu. Ni ko gaishe shi ban je ba."

"Na sani sarai ba ka je ba. Ni ce ke zaune a bakin gadon."

"To ya ambace ni?"

Ta ɗauki jakarta. "Ka zo ran Lahadi, Orval. Ka aske gemun nan."

Amsar tambayar nan kaɗai nake nema a duniya: ya mutu yana fushi da ni, ko kuwa?

Zauren ya cika maƙil tun la'asar, manoma da direbobin manyan motoci, kowa ya riƙe malafarsa a ƙirji. Shugaban makaɗan, wani mai suna Dwight, ya sunkuyo ya ce mini, "Baba Orval, ka buɗe kawai, da ka kai gaɓar da Clovis yake shigowa mu wuce tare. Ba mai shigowa, kar ka tsaya."

Na ce to. Na ɗora ƙarfe a tsirkiya, na buɗe kamar yadda na yi sau dubu. Na kawo gaɓar. Dwight ya ɗaga kai zai wuce, amma hannuna ya ƙi. Na danne, na ja sautin, idona a kan malafar nan, ina jira a gama gyara ta. Mai ganga ya tsaya da sanda a sama. Na ja, na ja, har sautin ya sirance ya mutu. Zauren ya yi tsit, babu wanda ya shigo.

Kunya ta rufe ni. Muka ƙarasa waƙar dai, ban san yadda aka yi ba.

Ina naɗe wayar jita bayan an watse sai ga Nadine ta hawo dandamali. Ta cire malafar daga makirfo tana share ta da hannun riga.

"Clovis ya ce kar in gaya maka komai sai na gani," in ji ta. "Ya ce in ka wuce tare da su, in bar ka da fushinka. In kuwa ka jira shi, in ce maka ka yi haƙuri, wannan karon ya riga ka."

Ta ɗora mini malafar a cinya ta sauka. Na ɗora malafar a kujerar gaban mota na kawo ta gida, kuma har yau ban iya shigar da ita ɗaki ba.