Ƙyauren da Aka Ba Mu Aro

Tun Inna tana yarinya ƙofar gidansu ba ta da ƙyaure. Labule ake ratayawa, in ya tsufa a canja wani. Iska ta shiga, awakin maƙwabta su shiga, amma ba wanda ya taɓa kiran kafinta. Kakanta masassaƙi ne, da hannunsa ya sassaƙa ƙyauren, wani amininsa maƙeri ya ƙera masa kuba. Ranar da sojojin mulkin mallaka suka shigo gari, babbansu ya ga ƙyauren ya yi masa, ya sa aka ɓalle shi aka ɗora a amalanke. Abu ɗaya suka manta: mabuɗin yana aljihun tsohon. Daga gare shi ya koma hannun mahaifinta, yau kuma yana rataye a wuyan Inna, a ƙarƙashin riga.

Tana shara da safe sai ga autanta, wanda ke aiki a gidan tarihi na ƙasa, ya shigo yana fara'a.

"Inna, albishirinki! Ƙyauren Kaka ya dawo."

Ta jingine tsintsiya. "Alhamdulillahi. Maza kira kafinta."

Auta ya sosa ƙeya. "Ba nan za a kawo shi ba. A wurin aikinmu za a ajiye. Aro suka ba mu."

"Aro? Kayan kakan nawa ne za a ba ni aro?"

Ya durƙusa ya kwashe sauran bayanin yana kallon ƙasa. Jakadan ƙasar Turawan da suka ɗauke shi zai zo taron buɗewa. Baturiyar da ta rako ƙyauren ta ji labarin mabuɗin, tana so Inna ta miƙa wa jakada a gaban jama'a, don in lokacin aro ya cika ƙyaure da mabuɗi su koma can tare. Shugaban gidan tarihin kuma ya yi wa Auta alkawarin ƙarin girma.

"Na riga na ce kin yarda, Inna."

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Amma yaron nan ya daɗe yana taka sawu ɗaya a wurin aiki, kuma tana sonsa. Ta ce za ta je.

A tsakiyar babban ɗakin taro aka kafa ƙyauren, cikin firam na ƙarfe, ba bango hagu ba bango dama. An buɗe shi, an shimfiɗa jan kafet ta cikinsa. Tsarin shi ne jakada ya tako ta ƙofar, Inna ta tarbe shi ta wannan gefen ta ba shi mabuɗi, a ɗauki hoto. Wanda ya tsara haka, da alama bai taɓa yin asarar ko cokali ba.

Inna ta tsaya tana kallon katakon, idonta ya cika da hawaye. Mahaifinta ya mutu yana kwatanta mata zanen nan, ga shi kuwa bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ta kai hannu, sai baturiyar ta yi wuf ta miƙo mata farar safar hannu. Auta ya fassara, wai gumin hannu yana lalata katako.

"Faɗa mata gumin kakana ne ya sa shi sheƙi," in ji Inna. Ta dafa ƙyauren da tafin hannunta.

Aka gama jawabai a kan zumunci da abota. Jakada ya gyara kwat ya fara takowa daga can ƙarshen kafet. Inna ta zaro igiyar daga wuyanta ta ce tana so ta gwada ko mabuɗin yana shiga. Baturiyar har da tafi. Masu hoto suka matso.

Inna ta tura ƙyauren a hankali har ya rufu, jakada na dab da isowa. Ta sa mabuɗi ta murɗa. Kubar ta juya sumul, ta ba da ƙara ƙas, duk ɗakin ya ji.

"Gaskiya sun iya kiwon kayan mutane," ta ce. Ta zare mabuɗin ta mayar wuyanta.

Shugaban gidan tarihi ya taso yana gumi, ya raɗa wa Auta, "Karɓo mabuɗin nan yanzu, in kana son aikinka."

Sai a lokacin Inna ta tuna da aikin Auta. Ta dubi ɗanta, ta san abin da ta jawo masa. Auta ya matso, ya miƙo hannu. Jakarta ya karɓa ya rataya a kafaɗarsa.

"Mu je gida, Inna."

Ta juya ga baturiyar. "Ranar da ƙyauren nan ya koma ƙofar gidanmu, ku zo ku yi sallama, ni da kaina zan buɗe muku."

Suka kama hanyar fita. A bayan ƙyauren jakada ya rasa abin yi. Zagayawa ta gefe abin kunya ne a gaban masu hoto, don haka ya yi dariyar yaƙe, ya so ya mayar da abin wasa. Ya ɗaga hannu ya ƙwanƙwasa.

Inna ta ji. Wannan ne karon farko da wani daga cikinsu ya ƙwanƙwasa ƙofar kakanta. Ba ta ko waiwaya ba.