Mai Man Kaɗanya

"Wai ki zo da shi, in ji Malam. Yanzu," Inna Adama ta faɗa ta kan katanga, ko sallama babu.

Mukarrama ta san abin da ake nufi. Bara tana shanya ta hango maƙwabcinsu Baba Jumare, mijin Inna, zaune, ƙafar Inna a kan cinyarsa, yana cusa mata man kaɗanya cikin faso. Mutumin da duk Kudan ba wanda ya taɓa jin ya kira sunan matarsa! Hannu ya yi wa Mukarrama ƙaiƙayi, ta zari gawayi a murhu ta zana su a bayan kwali. Ƙanin mijinta, sarkin rawar kai, ya ɗauka a waya ya yaɗa. Kafin ka ce kwabo masu rake a tasha sun laƙaba wa dattijo "Mai Man Kaɗanya". Tun ranar bai sake amsa gaisuwarta ba. Yanzu ga shi an dawo da shi daga asibiti, an ce sai addu'a. In ya tafi bai yafe mata ba fa?

Ta shiga gidan, ta durƙusa a bakin ƙofar ɗakinsa da kwalin a hannunta.

"Baba, don girman Allah ka yafe mini. Yanzu zan cusa shi a wuta."

"Matso da shi."

Inna ta karɓa ta kai masa dab da ido. Ya daɗe yana kallo, numfashi na fita da ƙyar. Mukarrama ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Kin tona mini asiri, 'yar nan," ya ce. "Kuma kin haɗa da ƙarya. Wannan baiwar Allah ba ta taɓa yi mini irin wannan kallo ba."

Inna ta ja mayafi ta rufe baki. "Ina yi mana, Malam. In ka sunkuya."

Tsoho ya juyo da kai a hankali, wannan karon Inna ba ta kawar da ido ba.

"Je ki, na yafe," ya ce, bai ko dubi Mukarrama ba. "Bar shi nan."

Washegari kafin la'asar aka kai shi makwancinsa.

Ranar sadakar uku Mukarrama ta shiga da kunu, ta tarar da Inna ita kaɗai a kan tabarma, kwalin a cinyarta. Wajen hannun Baba a zanen duk ya dushe. Da Inna ta miƙo hannu karɓar kwano, babban yatsanta baƙi ƙirin.